Tayoyin Kawunka Sidi

Koki, Kano
Alhamis, da hantsi

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, ko da yake ba ni da shakka a kan haka, tunda a gabana ka tashi da kwanon ƙosai kafin ka fita sallama da dangi. Allah Ya tsare ka a tafiyar da za ka yi jibi, Ya kai ka lafiya, Ya sa albarka a aikin da za ka fara.

"Ke matsalarki karatu," in ji Kawunka Sidi jiya, ina tsugune a gefen motar a bakin titi, shi yana tsaye a kaina da carbi. "Taya baƙa ce, zagayayya ce, ga haƙora nan raɗau. Me kike nema a jikinta? Jarida ce?"

Na ce, "Yaya, karantawa nake."

"To karanta da ƙarfi mu ji. Wataƙila akwai labarin duniya."

Kana tsaye a wurin, ka sunkuyar da kai kana kallon takalminka. Ban ga laifinka ba. Kawunka ne, ya kawo maka taya huɗu kyauta don za ka yi nisa, ya sa an ɗaura su a motar kafin kowa ya farga, ya kuma sanar da duk wanda ya yi sallar azahar a masallacin unguwa. Yaron da aka yi wa tarbiyya ba zai ce ba ya so ba. Amma kai za ka tafi fadamun gabas da Haɗejiya ka riƙa kafa wa manoma famfunan sola, bodin mota cike da kaya, kana jan 'yar tirela mai injin haƙa rijiya, a hanyoyin da rabinsu yashi ne, rabinsu taɓo. Tayoyin nan ba za su ɗauki wannan aikin ba. Sau uku na faɗa maka, sau uku ka ce, "To, Umma," ka ci gaba da ɗaure kaya.

Ka san ba na iya zaunar da kai in yi maka doguwar magana. Kai ne ɗan fari, kuma sunan surukina ka ci. Na yi shekara biyar a jami'a ina karanta kimiyyar ƙasa, na taɓa yin gardama da farfesa a gaban aji har ya manta abin da yake koyarwa, amma har yau bakina bai taɓa furta sunanka na yanka ba. Saboda haka na ɗauko biro. Ba zan ba ka labarin gida ba, kana cikinsa. Kurakuraina zan ba ka, don na fi shekara ashirin ina tuƙa wannan a-kori-kura, kuma kusan duk abin da na sani game da taya, a gefen hanya na koye shi, cikin rana, mutane suna kallo.

Lokacin da kakanka, mahaifina, ya rasu, sai aka rasa mai zuwa kasuwannin ƙauye sayo riɗi da ƙiraga. Kawunka ya ce shi ƙafarsa ba ta son burji, ya fi amfani a shago. Sai na karɓi makullin motar. Tayoyin farko da na saya da kaina, na zaɓe su ne saboda rubutun jikinsu fari ne, ya yi kyau da fentin motar. Wannan shi ne gaba ɗaya binciken da mai digiri ta yi. Sati uku bayan nan, ina dawowa ta hanyar Gezawa da buhunan riɗi, ta baya ta hagu ta yi ƙara kamar an harba bindiga. Na sa safaya, na lallaɓo, na zarce kasuwar Ƙofar Ruwa da tayar da ta fashe don in nuna wa duniya an sayar mini da jabu.

A nan na fara haɗuwa da Malam Ɗanjuma mai taya, wanda ka sani. Ya juya tayar, ya tofa yawu a gefenta, ya goge da babban yatsa.

"Hajiya, wannan ba jabu ba ce. Taya ce mai kyau."

"Mai kyau ce ta fashe?"

"An ce kin yi jami'a?"

"Na yi."

"A can ba sa koya muku lamba?"

Ya nuna mini wasu lambobi uku da ke bayan girman tayar, da harafi ɗaya manne da su. Ya shiga rumfarsa ya ɗauko wani guntun kwali da ya sha baƙin mai, wanda aka jera lambobi a kai. Mutumin da bai iya rubuta wasiƙa da boko ba ya tsayar da ni a rana ya yi mini lacca ta minti ashirin, kuma ta fi wasu da na biya kuɗin makaranta na saurara. Ga abin da ya koya mini, ka riƙe shi.

A gefen kowace taya, bayan lambobin girmanta, akwai wata lamba. Ita ce take faɗin nauyin da tayar za ta iya ɗauka ita kaɗai idan iskarta ta cika. Ba kilo ba ce kai tsaye, sai ka duba jadawali, kuma yanzu yana cikin wayarka, ba sai ka nemi kwalin Malam Ɗanjuma ba. Lamba 100 kilo ɗari takwas ce. Lamba 104 kilo ɗari tara. Lamba 110 kilo dubu da sittin. Harafin da ke biye da ita gudun da tayar za ta jure yake faɗa, kuma shi ne kawai samari suke karantawa. Idan ka ga lamba biyu da sanda a tsakaninsu, kamar 110/108, ta farko taka ce, ta biyun ta motocin da ake jera wa taya bibbiyu a baya ce. Sannan ka nemi harafin C bayan girman, ko LT kafinsa. Su ne shaidar cewa an yi tayar don motar ɗaukar kaya, gefenta mai kauri ne. Kusa da nan za ka ga 8PR ko makamancin haka, wato ƙarfin ninki takwas. Taya biyu suna iya zama girma ɗaya, su shiga wili ɗaya, haƙoransu iri ɗaya, amma ɗaya ta kai yara makaranta ce, ɗaya ta dako.

Ka buɗe ƙofar direba ka duba jikin ƙarfen. Akwai wata 'yar takarda manne a wurin, ta koɗe amma tana karantuwa. Masu ƙera motar sun rubuta 110/108. Tayoyin Kawunka 104 ne, babu C, babu LT. Abin da nake karantawa jiya ke nan. Labarin duniya ne, amma bai tsaya ya ji ba.

Kakanninmu da suka ƙetaro sahara da raƙuma suka zauna a wannan birni, an ce kowannensu ya san iyakar abin da raƙuminsa zai ɗauka, kuma ba ya ƙara ko zare ɗaya don kunyar wani. Mu jikokinsu mun gaji hancinsu da son shayinsu. Awon kaya kuwa, mun bar shi a hanya. Mu abin da muke yi shi ne mu harbi taya da ƙafa, mu ce za ta kai in sha Allahu.

Kuskurena na biyu shi ne wanda na fi ji maka tsoro, don ba a shagon taya ake yin sa ba, a zaure ake yi. Wata shekara zan kai injin niƙa wani ƙauye bayan Gumel, a kan 'yar tirela irin taka. Na yi lissafina tsaf. Sai na yi kuskuren gaya wa mutum ɗaya tak cewa zan yi tafiya, wato Inna Yalwa ta bayan gidanmu, Allah Ya jiƙanta. Na roƙe ta kada ta faɗa wa kowa. Da gari ya waye, zaurenmu ba wurin sa ƙafa.

Ba wanda ya kawo kaya. Kowa ɗan saƙo ya kawo. "Ɗan saƙo ne kawai, 'yar nan, ki miƙa wa ƙanwata, a kan hanyarki take." Ɗan saƙon farko keken ɗinki ne. Na biyu katifa. Sai turmi da taɓare biyu, sai ƙofar ƙarfe da wani ya yi wa gidan surukansa, sai rago. Wata ta kawo buhun gero a kai wa 'yarta, a garin da ba a noma komai sai gero. Na ce mata, "Baba, ai daga can ake kawo shi." Ta ce, "Na sani, amma wannan na hannuna ne." Da aka gama ɗaurewa, sai ga Inna Yalwa da mayafi da jaka, ta ce tunda akwai wuri a gaba, bari ta je ta dubo jikarta.

Ban iya ce wa ko ɗaya a'a ba. Duk sun goya ni, ko sun goya wanda ya goya ni. Muka fita ta Ƙofar Mazugal bayan mota yana jan ƙasa, fitilun gaba suna kallon sama, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannuna kamar ba a haɗe yake da komai ba. Tayoyin baya sun bubbuɗe kamar kumatun mai busa algaita. Kafin mu kai rabin hanya na ji ƙaurin roba. Na tsaya, na sa hannu a taya na janye da sauri. Ɗaya ta riga ta yi ƙullutu a gefe. Muka sauke komai a gindin wata tsamiya, muka zauna jiran motar da za ta raba mana kaya. Ragon ya samu ƙullin wani saƙo ya cinye, har yau ban san na wa ba ne. Inna Yalwa ta gyara zama a kan katifar mutane, ta dube ni ta ce, "Ni dama tun da na ga motar nan na san ba ta da ƙwari."

Saboda haka ga lissafin, na yi maka shi, ka duba ko na yi kuskure tunda kai ne injiniya. Ba duk nauyin mota ake rabawa huɗu ba. Kayan bodi a kan ƙafafun baya suke zama. Motarmu idan ba komai a cikinta, bayanta yana da wajen kilo ɗari takwas, na sha auna ta a sikelin motoci. Falankin sola, famfuna, bututu, siminti da akwatin kayan aikinka, na bi takardar da ka bari a kan tebur na tara, sun kai ɗari shida. Ita tirela, mutane suna ɗauka tunda tana da nata tayoyin, nauyinta nata ne. Ba haka ba ne. Wuyanta yana danna ƙugiyar bayan mota da kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyinta ko fiye, kuma dole ne ya danna, in ba haka ba sai ta riƙa rawa a bayanka. Da yake ƙugiyar tana can bayan ƙafafun, dannawar tana ƙaruwa. Ka sa ɗari biyu. Ka ƙara rabon abokan aikinka da jarkokin mai da na ruwa, ka sa ɗari. Ƙafafun baya suna ɗauke da dubu da ɗari bakwai ke nan.

Tayoyin Kawunka biyu, a takarda, dubu da ɗari takwas. Za ka ce to ai sun isa. Amma tayar ƙaramar mota idan aka sa ta aikin dako, ƙa'ida ita ce a rage mata kamar kashi ɗaya cikin goma. Ya rage dubu da ɗari shida da 'yan kai. Ba ka fita daga Koki ba ka riga ka wuce iyaka, a kan kwalta mai santsi, da sanyin safiya, kafin saƙo. Kuma Kawunka ya riga ya sanar a masallaci. Tun jiya da yamma na ga an fara jingine abubuwa a zaure. Akwai wani abu lulluɓe da tabarma wanda nake zargin firji ne.

Ba zan ce ka koyi cewa a'a ba. Ni shekara hamsin da biyu ban koya ba. Abin da na koya shi ne in riƙa faɗin ranar tafiya bayan na dawo. Tunda wannan ya wuce maka, ka ɗauki abin da bai fi buhu ɗaya nauyi ba, sauran ka ce Umma ta hana. Ba wanda zai yi mamaki, sunana ya riga ya ɓaci a wannan fanni.

Bayan tafiyar Gumel sai na yi kuskuren masu ilimi, na wuce gona da iri. Na je na ce a ba ni tayar da ta fi kowace ƙarfi a kasuwa, wadda za ta shiga wilina. Malam Ɗanjuma ya ce, "Hajiya, tanka za ki tuƙa?" Ban saurare shi ba. Na sa aka ɗura musu iska har iyakar abin da aka rubuta a jikinsu. Ranar kuma motar ba kaya, na ɗauki kakarka Hajiya Babba zan kai ta gaisuwa Dala. Kowane ɗan tsakuwa muka taka sai ta tashi sama ta dawo. Da muka kai kwanar farko, sai ta gyara ɗankwalinta da ya zamo ta ce, "In wani abu na yi miki, ki faɗa mini da baki." Ta sauka ta hau adaidaita. Wata guda tana gaya wa mutane cewa matar ɗanta ta so ta zazzage mata hanji.

Wannan bai ishe ni ba. Tunda yanzu ina da tayoyin da ba sa gajiya, sai na ga ai zan iya ƙara buhu huɗu a kan abin da na saba. Tayoyin kam ba su ce uffan ba. Sifirin na baya, ƙarfen da bodi ke zaune a kansa, shi ne ya karye, a tsakiyar kasuwa, ranar kasuwa. Ka gane: taya mai ƙarfi ba ta ƙara wa mota ƙarfi. A wannan 'yar takardar ta jikin ƙofa an rubuta iyakar abin da ƙafafun baya za su ɗauka, dubu da ɗari takwas, kuma ko tayar jirgin sama ka sa, iyakar tana nan. Birki ma bai san ka canza taya ba. Ka sayi wadda ta kai lambar da aka rubuta ko ta ɗan haura, don a samu rara saboda zafi da ramuka. Idan kaya ya yi yawa ka ƙara iska, idan ka sauke ka rage. Ba roba ce take ɗaukar kaya ba, iskar da ke ciki ce. Lambar nan 110 alkawari ne da tayar ta yi bisa sharaɗin ka ba ta iskarta.

Maganar iska ta kawo ni ga yashi, wanda za ka sha. Na taɓa kafewa a wani busasshen rafi wajen Maigatari. Ina ta ba da wuta, motar tana ta haƙa wa kanta kabari. Wani dattijo mai shanu ya tsaya yana kallona har ya gaji, sannan ya ce, "Ki sace mata iska." Na ɗauka ba'a yake. Ya karyi tsinke ya danna bakin bawul da kansa, taya huɗu. Tayoyin suka baje, motar ta fita kamar ba ita ba. Na yi godiya, na hau kwalta, ina jin kaina gwanar sahara, jinin kakanni ya motsa. Na manta ban mayar da iskar ba. Na yi gudu da kaya a kan taya mai rabin iska, da azahar, a watan zafi. Kafin Ɓaɓura bayan tayar ya saɓule ya bar ni, na gan shi a madubi yana bin hanyarsa daban.

Dabarar dattijon gaskiya ce, ka yi amfani da ita. Amma ka tuna duk iskar da ka rage, ka rage nauyin da tayar za ta iya ɗauka. Da kaya da tirela, kaɗan za ka rage, ka tafi a hankali, kada ka murɗa sitiyari da ƙarfi don kada taya ta fita daga wili. Idan yashin ya yi zurfi, ka kwance tirelar, ka sauke rabin kaya, ka yi sawu biyu. Za a yi maka dariya, ba komai, dariya ba ta fasa taya. Da ka hau ƙasa mai tauri, ka tsaya ka mayar da iska kafin ka yi komai. Na sa maka gejin auna iska da famfon da ake jonawa a batir a ƙarƙashin kujera. Ka riƙa auna iska da safe kafin mota ta motsa, don taya mai zafi ƙarya take yi. Kuma idan mai faci ya ƙwanƙwasa taya da sifana ya kasa kunne ya ce ta yi, ka gode masa, ka fito da gejinka. Tayoyin tirelar ma suna da lamba, ka karanta. Safaya kuma ta zama irin sauran. Safayar da ba ta kai su ƙarfi ba, nauyi kawai kake ɗauka.

Saura guda ɗaya. Wannan ban taɓa ba ka labarinsa ba, babanka ma rabi ya sani.

Kana da shekara huɗu. Wani ɗan'uwa, ba sai na faɗi sunansa ba, ya kawo mini tayoyin gwanjo guda biyu, kyauta. Haƙoransu kamar sababbi, an shafe su da mai suna ƙyalli. A lokacin na riga na san lamba, na duba, ta yi daidai. Abin da ban sani ba shi ne taya tana tsufa ko ba a taka ta ba. Akwai wasu lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye a gefenta: biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Malam Ɗanjuma ya ce kada in sa. Na ce kyautar babba ce, idan ya ga motar babu su me zan ce masa. Ya ce, "Ki ce masa ni na hana." Na ji kunya, na sa aka ɗaura.

Muna dawowa daga Ɗambatta da la'asar, ina jan tirela cike da ƙiraga, kana kujerar gefena kana cin gyaɗa kana ba ni labarin wani ƙadangare. Ta baya ta dama ta tarwatse. Tirelar ta fizgi motar hagu, ta fizge ta dama. Na tuna abu ɗaya da aka taɓa gaya mini, kada in taka birki, sai na riƙe sitiyari na ɗaga ƙafa daga totur na bar ta tana rage gudu da kanta. Muka sauka daga titi, muka ratsa gonar wani, muka tsaya taku uku daga bakin kududdufi. Kai ka faɗo ƙasan kujera, ka tashi kana neman gyaɗarka.

Mutane suka taru. Mata suna ta salati, wata ta ɗauke ka tana shafa kanka tana dubawa. Ni kuwa, uwar ɗan fari, a gaban jama'a, ban taɓa ka ba. Na zagaya na tsuguna gaban tayar ina duba ta kamar ita ce abin tausayi. Na daɗe a tsugune, ina kallonka ta gefen ido. Wata tsohuwa ta ce, "Kai, wannan mata da kawaici take." A nan na ga lambobin shekararta, daga baya Malam Ɗanjuma ya fassara mini su. Tayar ta girme ka da shekara bakwai.

Jiya na duba na jikin tayoyin Kawunka. Sun girmi autarsa, wadda take aji uku. Kawunka mutumin kirki ne, yana ƙaunarka, kuma da zuciya ɗaya ya saye su. Bai san komai game da taya ba, kuma bai san bai sani ba, shi ya sa yake da natsuwa. Na san abin da kake ji idan ka tuna fuskarsa. Na taɓa jin sa, na kuma ga inda ya kai ni.

Saboda haka ba zan bar maka zaɓin ba. Idan ka dawo daga sallama ka biyo ta bakin titi, za ka tarar da motar a kan bulo, ba taya ko ɗaya. Kada ka tara jama'a, ba ɓarayi ba ne. Ni ce. Da ka fita na kira Malam Ɗanjuma ya zo da jak. Ya tafi da wilin biyar, har da safaya, zai dawo da su bayan la'asar da sababbin tayoyi, 110/108, masu C, na bana. Ka tsaya a kansa ka karanta kowace da idonka kafin ya ɗaura, zai ji daɗi, yana son ɗalibai. Na Kawunka kuma an jera su a zaurensa, an goge su tas.

Kai ba ka ƙi kyautarsa ba, ba ka ma nan aka yi. Idan ya tambaye ka, ka sunkuyar da kai yadda ka iya, ka ce ka dawo ka tarar. Zai yi fushi da ni wata biyu, zai gaya wa dangi boko ya lalata ni, sannan azumi ya zo ya aiko a tambaye ni ko zan yi masa alkaki. Na saba. Tun muna yara haka muke.

Allah Ya kiyaye ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka. Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka kira babanka idan ka sauka, shi zai gaya mini, ni zan yi kamar ban damu ba. Allah Ya yi maka albarka, Ya dawo da kai lafiya.

An aiko yanzu cewa Kawunka ya ga abin da ke zaurensa, yana neman takalminsa. Ni na tafi Sheshe wurin Goggonka, sai bayan isha. Abincinka yana cikin kula. Zan ja ƙofar gida in rufe, in maƙale maka takardar nan a gilashin mota, makulli yana wurin maƙwabta.

Wassalam.

Mahaifiyarka